Sulen Las Begas da Aninin Ƙofar Galadima

Zagezagi, a sassauta fuska tukuna. Na san abin da ke bakinku: ga Bakano ya shigo har cikin ganuwa zai yi mana karatun caca, a garin da kowane zaure ka leƙa sai ka tarar da allo da tawada. Allah ya gafarta Malam, mayar da carbinka aljihu, ba cacar na zo koyarwa ba. Hukuncinta kun fi ni sani, ayar ma za ku jawo ta da ka kafin in rufe baki. Abin da ya kawo ni 'yan sulallan nan ne masu launi-launi da ake jibgewa a gaban 'yan karta a gidajen cacar Amurka, waɗanda kuke gani a fim kuna yi kamar idonku na wani wuri. A can akwai mutanen da ba ruwansu da kartar, sulallan kawai suke saye suna adanawa, kamar masu tara kan sarki ko tsofaffin kuɗi, kuma babbar rigimarsu ita ce rarrabe na ainihi da na kwaikwayo. Ku ma mutanen Ƙofar Galadima kuna da irin wannan rigima kwance a ƙasan adaka, suna ne kawai ba ku sa mata ba.

Mutum in ya shiga gidan caca a Las Begas, miƙa dalolinsa yake yi a canza masa da sulallan gidan, da su ake wasa. Kowane sule ɗauke yake da sunan gidan da garin da adadin kuɗinsa. Bisa al'ada ja na dala 5 ne, kore na 25, baƙi na 100. Faɗinsa milimita 39, nauyinsa wajen giram 10. Suna ce masa na yumɓu, amma ba yumɓun masu ginin tukwane ba ne, wani haɗi ne da kamfanonin da ke yin sa suke ɓoye sirrinsa. 'Yan tsage-tsagen nan masu wani launi daban da ke gefensa ba fenti ba ne. Yanke gefen ake yi, a cusa guntun wani launi da hannu, sannan a matse da zafi har su zama jiki ɗaya. Ko ka karya shi biyu za ka ga launin ya ratsa har ciki. Idan an zuba su a tebur sautinsu a dakushe yake, kuma in ka jera ashirin a kan juna sai su tsaya ƙyam, ba su zamewa.

Na kwaikwayo kuwa, wanda ake sayarwa don a yi wasa a gida, a ɗan akwati yake zuwa, guda 300 ko 500, da karta a gefe. Roba ce aka narka aka zuba a mazubi, aka binne ɗan faifan ƙarfe a tsakiya don ya yi nauyi, har ya kai giram 11 da rabi, sannan a rubuta a jikin kwali wai daidai yake da nauyin na gidan caca. Mai saye ya ɗaga ya ji dam a tafin hannu, ya gyaɗa kai, ya biya. Alhali na ainihin ya fi wannan rashin nauyi. Kusanto da maganaɗisu kawai, sai na robar ya yi tsalle ya manne, asiri ya tonu. Alhaji, na ga kana murmushi kana cewa Bature ma ashe ana yi masa sakiyar da ba ruwa. Ranka ya daɗe, ba kai ne kake ɗaga abin cajin waya a kasuwa kana jinjinawa kana cewa «wannan orijina ne, ji nauyi» ba? Ka taɓa buɗe shi ka ga yashin da aka ɗura?

Yanzu ga inda za ku ce na fara shara ta. A 2014, a taron da masu tara sulallan suke yi duk shekara a Las Begas, an sayar da sule guda na dala 5, na wani ɗan gidan caca da ya daɗe da rufewa mai suna Golden Goose, a kan dala 75,000. Ƙungiya ce da su tun 1988, da littattafan farashi da masu tantancewa. Na ji salati ya tashi daga wannan kusurwa. Baba yana cewa kuɗi ne ya yi musu yawa har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Wani yana lissafa buhun masara nawa ke nan, wani kuma kujerar Makka nawa. Ku gama lissafin, ina jira. Ni dai abin da nake so ku riƙe shi ne, sulen da aka saya haka bai fi na cikin akwatin roba kyau ba. Wataƙila ma na robar ya fi shi sheƙi.

Abin da ya ɗaga shi ƙarancinsa ne, kuma doka ce ta ƙara wa ƙarancin ƙarfi. Tun 1987 hukumar da ke kula da caca a jihar Nebada ta wajabta cewa duk gidan da ya rufe ko ya canza sulallansa, sai ya yi shela ya ba mutane wa'adi su kawo nasu a biya su, sannan a niƙe ragowar. Wanda ya tsira shi ne wanda wani ya manta a aljihun kwat ya tafi da shi gida. Idan gida ya yi 'yan watanni ya mutu, sulallansa da suka rage a duniya ba za su cika tafin hannu ba, su kuwa masu nema dubbai ne. Wasu gidajen kuma huda sule suke yi don a san an kashe shi, kuma hujin nan yana karya masa farashi warwas. Ku lura da wannan, ku masu kwabo mai huji, don zan dawo kanku.

Muddin gida yana raye, sule alkawari ne: kawo shi taga, mu ba ka kuɗi. Ranar da gida ya janye alkawari, ya koma guntun yumɓu. A Disambar 2010 wani matashi, ɗan wani alƙali ma kuwa, ya zo a kan babur da hular kwano a kansa, ya shiga gidan cacar Bellagio na Las Begas da bindiga, ya kwashi sulallai na dala miliyan 1 da rabi ya gudu. Mafi yawan kuɗin a cikin manyan sulallai ne masu dala 25,000 kowanne. Gidan bai tsaya kuka ba, shela ya yi cewa irin waɗannan sulallai an daina su, mai su ya kawo kafin wa'adi ya cika a watan Afrilu. Ɓarawo ya wayi gari da dukiyar da in ya kai taga za a tambaye shi inda ya samo, in ya riƙe kuma ta mutu a hannunsa. Ya shiga neman mai saye a ɓoye, ya faɗa hannun ɗan sandan farin kaya a Fabrairun 2011.

«Ai wannan wauta ce, mutum ya ɗauki abin da wani zai iya kashewa da takarda guda ya ce dukiya.» Madalla, Alhaji, Allah ya yi maka albarka da ka faɗa da bakinka. Ina kake a Fabrairun 2023? A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya ce zai canza takardun 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin 31 ga Janairu, ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutum yana da damin tsofaffin dubu-dubu a ƙarƙashin katifa, mai shayi ya ƙi karɓa, mai achaɓa ya ƙi karɓa, aka kwana a layin banki ana sayen naira da naira. Takardar ba ta yage ba, hoton bai goge ba, mai alkawarin ne ya juya baya. Sai da jiharku ta Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ran 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓa. A waɗancan makonnin ban ji wanda ya yi wa ɗan babur ɗin Las Begas dariya ba.

Shi na kwaikwayo ba shi da laifin komai muddin yana zaune a gida ana wasa da shi a matsayinsa. Laifi yana farawa ne ranar da aka sa masa rigar wani. A Janairun 2014 wani ɗan karta ya yi odar sulallan jabu daga Sin, ya manna musu tambarin gidan Borgata na Atlantik Siti, ya shiga gasa da su. Da ya ga kamar an fara farga, sai ya koma masaukinsa a wani otal, ya juye ragowar a masai ya kora ruwa. Sulallan da adadin da ke rubuce a jikinsu ya kai miliyan 2.7 suka toshe bututu, ruwa ya fara ɗiga a ɗakunan ƙasa, aka kira masu gyaran famfo, suka zaro hujja da hannunsu. An soke gasar, shi kuma ya samu shekara 5.

To, mu bar Amurka ta huta, mu shiga cikin gida. Baba, ɗauko gwangwanin nan na tsohuwar madara da kake ɓoyewa a bayan littattafai. Kada ka ce babu, jikokinka sun faɗa. Zazzage shi a tabarma mu gani. Ga anini, ga ɗari, ga kwabo, duk da huji a tsakiya, ga tauraro mai tsini shida a baya, ga kambin sarauta a gaba da ɗan rubutun Larabci a ƙarƙashin hujin. Ga taro da sisi, ga sule mai bishiyar kwakwar manja ya yi duhu. Shekara nawa ke nan kana jiran Baturen da aka ce yana zuwa saye miliyan-miliyan? Kai da ka gama yi wa mai sayen sulen caca salati yanzun nan?

Tarihinsu mai daɗi ne, ban hana ba. An fara buga masu hujin a 1907, shekara 5 bayan Turawa sun shigo Zariya, lokacin da ake son raba mutane da kuɗin wuri a karɓi haraji da ƙarfe. Aninin farko na alminiyon ne, yana cikin kuɗin alminiyon na farko-farko da aka taɓa kashewa a duniya, amma bai jure ba, a 1908 aka koma wani ƙarfe mai ƙwari. Hujin don a zura zare ne a ɗaura, yadda aka saba yi da wuri, ga mutanen da rigarsu ba lallai tana da aljihu ba. Anini 10 ne kwabo, kwabo 12 sule, sule 20 fam, wato sai ka tara anini 2,400 kafin ka ce kana da fam guda. A 1912 aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, ta riƙa bugo wa Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya. Kwabon nan mai huji shi kakanninku suka riƙa miƙawa suna karɓar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a garin nan naku a Janairun 1939. Ya yi zamaninsa har Babban Banki ya fito da kuɗin Najeriya a 1959, naira da kobo suka rufe babin fam da sule a 1973.

Matsalar ita ce miliyoyi aka buga, shekara bayan shekara, kusan rabin ƙarni, kuma da yawansu ba wanda ya bi ya niƙe. Duk gidan da ke cikin ganuwar nan akwai irin gwangwanin Baba, haka Kano, haka Kumasi, haka Banjul. Shagunan masu tara kuɗi a Ingila a kwano suke zuba na gama-garin, mai so ya tsinta da 'yan canji. Akwai wasu shekaru da wasu alamomin maƙera da suka yi ƙaranci, masana suna biyan su da daraja, shi ya sa suke sa gilashi suna neman ɗan harafin H ko KN, alamar maƙerun Bamingam biyu da suka buga da yawansu. Amma wannan sai an dace da shekarar, an dace da alamar, kuma kwabon bai sha hannu ba. Naka, Baba, ya sayi ƙosai ya fi sau dubu, har tauraron ya shafe.

Na ga wani saurayi ya ɗago waya. «Ai akwai na 1936, an ce a Facebook.» Zauna, ɗan samari, wannan ma na san shi. Sarki Edward na Takwas ya hau gadon Ingila a Janairun 1936, ya sauka a Disamba saboda matar da ya nace sai ya aura. Bai daɗe ba balle a saki kuɗi mai hotonsa a Ingila, 'yan gwaji kaɗan aka buga, shi ya sa a 2020 aka sayar da guda na zinariya a kan fam miliyan 1. Labarin gaskiya ne. Sai dai a nan Afirka ta Yamma an saki anini da ɗari da kwabo masu sunansa, tunda kuɗi mai huji ba ya bukatar hoton kai, suna kawai ake rubutawa a kewaye. Su ma miliyoyi ne. Sunan sarki ɗaya, shekara kusan ɗaya, wancan ya sayi gida a Landan, naka da ƙyar ya kai ka Sabon Gari a Keke Napep ya dawo da kai. Kama da wane ba ta wane.

Mai damfara ya san duk wannan, ya kuma san ku. Ba shi kaɗai yake zuwa ba. Na farko zai zo da shadda mai maiƙo da mota, ya zauna a majalisa, ya ce wani kamfani a waje yana neman kwabo na shekara kaza, ko dutsen guga mai zakara, ko tsohon keken ɗinki, saboda wai akwai wani sinadari a ciki da ake haɗa abin da ba a faɗa. Ya bar lambar waya ya tafi. Bayan kwana biyu sai ga wani a yamutse, kamar daga ƙauye, da irin kwabon sak a ƙulle a tsumma, bai san darajarsa ba bawan Allah, kuɗin magani kawai yake nema. Alhaji ya lissafa riba, ya ji har tausayin mutumin yake yi, ya biya dubu ɗari biyu. Ya kira mai shadda, waya a kashe. Ba ku kaɗai ba ne, kada ku ji kunya da yawa. A 2009 jita-jitar jan sinadari a cikin keken ɗinki na Singer ta tashi a Saudiyya, mutane suka riƙa sayen tsohon keke da dubban riyal, har da fasa shagunan teloli. Su ma Larabci suke ji kamar ku.

Hajiya, Allah ya ja kwana, tun ɗazu kina shiru kina murmushi don kin san naki ya fi na Baba. Azurfa ce, babba, mai kan mace, gadon kaka, kuma ga shekara a jiki ɓaro-ɓaro: 1780. Kin lissafa, ta haura shekara 240, ta girmi jihadin Shehu. Fito da ita mu sa albarka. Ga matar nan mai jiki, da mayafi a kai da 'yar ƙwanƙwasa mai duwatsu a kafaɗa. Juya bayan, ga mikiya mai kai biyu. Shafa gefen, za ki ji rubutu ya tattaso, an yi shi ne don kada wani ya kankare azurfar a ɓoye. Faɗinta kusan ɗaya da sulen cacar da aka gama tsine wa, sai dai ta ninka shi nauyi kusan sau uku, giram 28 ce, kuma a ciki giram 23 da 'yan kai azurfa ce tsantsa. Matar sunanta Mariya Tarisa, sarauniyar Ostiriya. Dalarta ta ratsa Bahar Maliya da Habasha da Sahara, ta zo Barno da ƙasar Hausa a hannun fatake. Lokacin da Bature matafiyi Barth ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dala guda.

Yanzu riƙe zuciyarki. A 1780 ɗin sarauniyar ta rasu. Amma fataken Larabawa da na Afirka sun riga sun saba da wannan fuska, ba su yarda da wata ba, har ƙirga duwatsun kafaɗar suke yi kafin su karɓa. Sai Ostiriya ta ga ba dalilin ɓata ciniki, ta ci gaba da buga dalar yadda take, da shekarar 1780 daram, ba a ƙara ko ɗaya ba. A 1858 ta daina zama kuɗin kashewa a ƙasarta, ba a daina bugawa ba. A 1935 Italiya ta karɓi mazubin ta buga tata a Roma don yaƙin Habasha. Ingila ta ga haka ta fara buga tata a Landan, daga baya har a Bombai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Faris ta buga, Burasal ta buga, Bamingam ta buga. Jimilla sun haura miliyan 300, kuma har gobe maƙerar gwamnati a Biyana tana buga sabuwa fil ta sayar wa mai so, da 1780 a jiki. Dalar kakarki tana iya zama ta zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tana iya zama sa'ar rediyon Baba.

Kada ki ɓata rai ki ce na kira ta jabu, ban kira ba. Azurfarta ta gaske ce, nauyinta cikakke, gwamnatoci ne suka buga ta a fili, kuma ba ta taɓa cutar wanda ya karɓe ta ba. Kwafi ce da duniya ta amince da ita har ta fi asalin suna. Masana suna iya gane inda aka buga kowace, daga yawan duwatsun kafaɗa, da gashin jelar mikiya, da siffar 'yar alamar da ke bayan shekara, kuma tsofaffin bugu na farko-farko suna da nasu farashi. Na gama-gari kuwa kuɗin azurfarta ne da ɗan abin da ba a rasa ba. In kuma maƙerin fari ya riga ya liƙa mata kunne don a zura a sarƙa, kamar yadda aka yi wa dubbai a ƙasar nan, mai tarawa zai taɓe baki ya wuce, domin shi a wurinsa an ji mata ciwo. Ke kuwa a wurinki nan ne ta fara zama kayan ado. Ta jabun gaske ma akwai ta, farin ƙarfe da aka yi wa wankan azurfa, irin wadda ake shanyawa a faranti ana jiran baƙi. Jabu ba yau ya fara ba. Masu zuba sulen ƙarya a gida sun addabi Turawa har sai da aka canza wa sule ƙarfe da gefe a 1938, aka yi masa kwari a kewaye don ya gagari mazubin ƙasa.

Ku da kanku kuna da shaidar cewa kwaikwayo ba abin kunya ba ne. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a ƙofar fada a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda masana gine-gine daga ko'ina suke zuwa kallon bakan-gizonsa, an je Jos an gina irinsa da ƙasa a gidan adana gine-ginen gargajiya, tare da ganuwar Kano da wasu. Ba wanda ya taɓa tsayawa a gabansa ya ce an cuce shi, domin an gaya masa tun daga ƙofa cewa na ainihin yana Zariya. Ɗalibi ya auna, ya zana, ya ƙaru. Da wani zai tare baƙo ya rantse masa cewa wannan ne Babban Gwani ya taɓa da hannunsa, kawo kuɗi, ginin bai canza ba, amma mutumin ya zama ɓarawo. Haka akwatin roba yake a Amurka. Har sulallan gidajen da aka rushe ana kwaikwaya a sayar don wasa, kowa ya sani. Rigima tana tashi ne in wani ya zare guda ɗaya, ya goga shi a ƙasa ya tsufa, ya sa a intanet da labarin kakansa da ya yi aiki a gidan.

Na ji wani daga baya yana cewa, «Ai ku Kanawa kuka iya wannan.» Ban musa ba, ɗan'uwa, kasuwa tamu ce. Na san inda ake jiƙa sabon tagulla a ruwan tsami, a binne shi damina guda, a tono shi ya yi kore shar, ya zama kayan sarakunan da. Na san takobin da aka ƙera bara wanda ya halarci yaƙi uku kafin ya iso hannun mai saye. Amma ku tambayi kanku wa yake saye. Ciniki ba ya faɗawa sai da mutum biyu, kuma ba kowane lokaci mai sayen Bature ne ba. Sau da yawa mai karatu ne, mai digiri daga Samaru, wanda ya tabbata shi ya fi mai kayan wayo.

Ga abin da zan roƙa, tunda na ga gwangwanin ba zai koma bayan littattafai da wuri ba. Kada a wanke. Na san hannun Hajiya yana ƙaiƙayi ta ɗauko toka da lemon tsami ta dirje su su yi fes, to duk wanda ya san kan abin, da ya ga an dirje zai rage kuɗi, domin duhun nan shi ne shaidar shekaru, kuma gogewa tana cinye rubutu. A ware su shekara-shekara a rubuta a takarda. Dala kuma a kai ta wurin maƙerin fari ko mai sayar da gwal a ɗora a sikeli. In ta yi nesa da giram 28 alhali ba ta side ba, ko maganaɗisu ya kama ta, a yi haƙuri. A ɗora ta a kan yatsa a ƙwanƙwasa da wata, azurfa tana da doguwar ƙara mai zaƙi, farin ƙarfe kuwa ƙwas yake yi ya yi shiru. Duk wanda ya ce a kawo kuɗin gwaji, ko kuɗin rajista, ko kuɗin sinadarin wankewa kafin Bature ya iso, a ba shi ruwa ya sha, a raka shi har bakin ƙofa, a tabbata ya fita ganuwa.

Wanda kuma ya gaji da jira, ga ni. Ina saye, amma da mudu, kuma sai an cika shi ya yi tozo, ba irin awon da kuke yi wa baƙo ba. Farashi mu yi shi a zaure, ban da 'yan kallo. Kafin nan a kawo fura, don tun da na zauna nake magana ba wanda ya ce mini ko sannu.